Yadda ake gyara alkaloyid ɗin tsirrai wajen neman maganin kansa

Yawancin alkaloyid ɗin da ake ta magana a kansu a harkar kansa guba ne tsantsa, tsiro ya haɗa abinsa ne dan ya kare kansa daga ƙwari da dabbobin da ke cinsa, kuma kashe sel, wato ƙwayoyin halittar jiki, ba ya yi musu wahala ko kaɗan. Inda gizo ke saƙar shine yadda za a mai da gubar nan abin da za a iya ɗura wa mutum a jijiya, ya kai inda ƙarin yake, ya yi aikinsa, mara lafiyan kuma ya tashi da ransa. Toh in kai ɗalibi ne da aka ba ka wannan a matsayin aikin digiri na biyu ko na uku, ko kuma kawai kana son sanin yadda masu kemistirin magani suke yi, ka fara cire tunanin "bari in ƙara masa ƙarfi" daga ranka. Tambayar da ake farawa da ita ita ce, meye aibin sinadarin nan da ya hana shi zama magani yadda yake? Ba ya narkewa ne, ko yana lalacewa a jini, ko hanta na cinye shi nan take, ko yana kashe ɓargo kafin ya taɓa ƙarin, ko kuma kawai ba a samunsa da yawa? Kowace amsa da irin gyaranta.

Alkaloyid dai sinadari ne mai naitirojin a jikinsa, galibi a cikin zobe, kuma da yawansu in suka haɗu da asid sai su koma gishiri mai narkewa a ruwa. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani wajen cirowa daga ganye da kuma can gaba wajen gyara.

Da me za ka fara

Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani sinadari ka tambayi kanka giram nawa za ka iya samu. Mutane na raina wannan tambayar amma ita ke kashe aiki tun ba a je ko'ina ba. Ɗauki maganin kansar nan vinbilastin, wanda Robert Noble da Charles Beer suka ware a jami'ar Western Ontario ta Kanada a 1958 daga Catharanthus roseus, furen nan ɗan asalin Madagaska. Su maganin ciwon suga ma suke nema, sai suka ga ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan ganyen fararen ƙwayoyin jininsu sun zube ƙasa, daga nan labari ya sauya. Amma fa busasshen ganye wajen kilo 500 ake buƙata kafin a samu giram 1 na vinbilastin, vinkiristin kuma ya fi haka ƙaranci. Kaga in ka ce da shi za ka fara gwaje-gwajen haɗi guda talatin ai ka gama yawo.

Dabarar da manya suka yi ita ce su nemi ɗan'uwan sinadarin da tsiron yake tarawa da yawa ko da shi kansa ba ya aiki. A ganyen Catharanthus akwai vindolin da katarantin, su ne rabi da rabin vinbilastin kuma sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, Pierre Potier da mutanensa a Faransa suka gano yadda za a ɗaura su da juna a ɗakin gwaji. Haka a bishiyar Cephalotaxus, sefalotaksin ya fi yawa amma shi kaɗai ba ya taɓuka komai, sai an liƙa masa reshen esta sannan ya zama homoharingtonin mai tsayar da haɗa furotin a ribosom, wanda aka amince da shi a Amurka a 2012 da sunan omasetaksin dan wani nau'in kansar jini. Shi dai Potier ɗin ne ya sake yin irin wannan da taksol, maganin kansar da ake cirowa daga bawon bishiya, ya ɗauko wani sinadari daga ganyen Taxus baccata maimakon a yi ta ɓare bawon bishiya ana kashe ta, ya fitar da dosetaksel (wasu ba sa lissafa dangin taksol cikin alkaloyid na asali, amma darasin ɗaya ne).

In ana sayar da sinadarin da tsabtarsa, gaskiya ka saya kawai, lokacinka ya fi tsada. In kuma dole sai ka ciro da kanka toh a samu masanin tsirrai ya tabbatar da sunan tsiron, a ajiye samfurinsa a ma'ajiyar busassun tsirrai da lamba, ka rubuta wane ɓangare ka ɗiba da wane lokaci na shekara dan yawan alkaloyid yana sauyawa. In daga wata ƙasa tsiron zai fito akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ta fara aiki a 2014, sai da izini da tsarin raba amfani, kar ka gama aiki a zo ana ja da kai a kan takarda.

Cirowar kanta ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A daka busasshen tsiro a jiƙa a metanol ko etanol, a ƙafe, a narkar da abin da ya rage a ruwa mai ɗan asid, a wanke da solben irin su hekzen dan mai da kakin ganye su tafi, sannan a zuba amoniya ruwan ya koma bes, wato kishiyar asid, alkaloyid ɗin su saki gishirinsu su haye cikin solben. Amma ba duka ke bin wannan layin ba fa. Berberin cajinsa na dindindin ne, a ruwa zai yi zamansa ko ka zuba amoniya nawa. Kolcisin naitirojin ɗinsa na amayid ne ba ya ɗaukar asid, kamtotesin ma ba ya yin gishiri mai ɗorewa, saboda haka ka san halin naka kafin ka zubar da ruwan da kake zaton shara ne.

A farantin TLC, farantin silika da ake rarrabe sinadarai a kai, in ka fesa ruwan Dragendorff mai nuna alkaloyid za ka ga ɗigo ruwan lemo ya fito, kuma sau tari ba zai tsaya ɗigo ba, sai ka ga ya ja wutsiya tun daga layin farawa har tsakiyar faranti. Silika ce mai ɗan asid take riƙe naitirojin ɗin. Ɗiga tirayetilamin kamar kashi 1 cikin 100 ko ɗan amoniya a solben ɗin, sai ka ga wutsiyar ta tattare ta zama ɗigo sosai, haka za ka yi a kolum ma, wato bututun silikar da ake tsarkake sinadari a ciki. Kuma kar ka bar alkaloyid ya yi kwanaki a cikin dayikulorometen, wasu suna haɗuwa da shi su ba ka wani sabon abu da tsiron bai taɓa haɗawa ba, ka zo kana murna ka gano sabon sinadari. Ka yi LC-MS, gwajin da ke ba ka nauyin molekul ɗin sinadari, da wuri ka duba nauyin a rumbunan bayanai dan ka san ko abin da ka ware an san shi tun shekara hamsin da suka wuce. Kafin komai ya je gwajin sel kuma, na'urar NMR da ta auna nauyin molekul su tabbatar da siffa, na'urar HPLC ta nuna tsabta aƙalla kashi 95 cikin 100, wannan shi manyan mujallun fannin suke nema kuma da dalili, in ragowar kashi 5 ɗin uwar sinadarin ce, wato na asalin da ka gyara, mai aiki a nanomola (ɗan mitsitsinta ya isa) toh ita kake aunawa ba naka ba.

Inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa

Nan ne zuciyar aikin, kuma ban san labarin da ya fi na kamtotesin koyar da shi ba. Monroe Wall da Mansukh Wani na Research Triangle Institute a Amurka suka wallafa shi a 1966, daga bishiyar Camptotheca acuminata ta ƙasar Sin. Zobe biyar ne a jere, ana kiransu A zuwa E, a fitilar UV yana ba da wani haske shuɗi mai kyau. A ɓeraye ya yi aiki kamar me, matsalar kawai ba ya narkewa a ruwa. Da za a gwada a mutane a farkon shekarun 1970 sai aka ce ai da sauƙi, a sa masa bes zoben E ya buɗe ya zama gishirin sodiyam, sai ya narke tas. Ya kuwa narke. Amma garin neman gira aka rasa ido, dan zoben E ɗin nan, lakton ɗin, shine wurin aikin, buɗaɗɗen yana da kamar kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfin rufaffen. Sai aka yi ta ba da shi da yawa, ƙoda ta tace shi zuwa mafitsara, fitsari kuma yana da asid sai zoben ya sake rufewa a can, marasa lafiya suka riƙa fitsarin jini ga ɓargo ya durƙushe ga ƙarin bai wani motsa ba. Aka tattara aka ajiye shi sama da shekara goma.

Abin da ya dawo da shi shine a 1985 ɗakin gwajin Leroy Liu a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya nuna inda yake kamawa, wato enzayim ɗin topoyisomeres I. Shi wannan enzayim yanka igiya ɗaya ta DNA yake ya warware murɗewa ya sake ɗinkewa, kamtotesin sai ya kutsa daidai wurin yankan ya hana ɗinkin, in injin kwafar DNA ya zo ya yi karo da wurin sai igiyoyin biyu su tsinke sel ya mutu. Da aka san haka sai taswira ta fito: zoben E a bar shi a rufe, haidiroksil ɗin kabon na 20 a bar shi yadda yake fuskanta dan in ka juya shi ɗaya gefen aikin ya mutu murus, amma gurbi na 7 da 9 da 10 da 11 a zoben A da B suna ɗaukar kaya. Hoton kiristal da aka samu a 2002 ya nuna dalili, 7 da 9 da 10 waje suke kallo inda akwai fili.

Kalli yadda mutum biyu suka warware matsala ɗaya ta hanya daban. Masu topotekan sun ɗauki kamtotesin mai haidiroksil a 10 suka yi masa haɗin Mannich da fomaldihayid da dayimetilamin, reshe mai naitirojin ya zauna a 9, shi kuma yana ɗaukar asid ya zama gishiri, shikenan ya narke ba tare da an taɓa zoben E ba, aka amince da shi a Amurka a 1996 dan kansar ƙwan mace. Masu irinotekan a Japan kuma, a kamfanin Yakult, sun sa etil a 7 sannan suka rataya wani babban reshe mai zoben piperidin biyu a kan haidiroksil ɗin 10. Shi a haka ba shi da wani ƙarfi, sai ya shiga jiki enzayim ɗin kaboksilestares ya gutsure reshen ya saki SN-38 wanda ya ninka shi ƙarfi sau ɗari zuwa dubu. Japan ta amince da shi a 1994, Amurka a 1996, har yau yana cikin manyan magungunan kansar babban hanji. Amma irin wannan dabarar da kuɗinta, dan yanzu ka dogara da enzayim ɗin jikin kowane mutum, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda ke share SN-38 a hanta sunansa UGT1A1, masu nau'in da ake kira *28 ba sa share shi da sauri sai gubar ta taru, ga kuma bakteriyar hanji da ke sake kwance abin da hanta ta ɗaure, shi ya sa gudawar irinotekan ta yi suna.

Toh yaya za ka zana irin wannan taswirar a naka sinadarin? Ka fara da karatu, wallahi rabin abin da kake son gwadawa wani ya gwada a shekarun 1980 ya rubuta. Sannan ka lissafa wuraren da hannu zai iya kaiwa: haidiroksil da za a iya yi wa esta ko ita (ether) ko kabamet, naitirojin da za a iya cire wa metil a sa wani abu, zoben aromatik da za a iya sa wa buromin ko ayodin daga nan a yi haɗin Suzuki a jera rassa kala-kala, da mahaɗi mai ninki biyu da za a iya cikewa. Zagayen farko na rushewa ne, ka toshe wannan ka cire wancan ka ga wanne ne in ya tafi aikin ya tafi. Wuraren da ka lalata aikin bai girgiza ba, nan ne filinka.

Kuma canji ɗaya a lokaci ɗaya dan Allah. In ka sauya wuri uku a tare sinadarin ya fi kyau ko ya lalace ba ka san wa za ka gode wa ko ka zarga ba. Kar kuma ka raina ƙaramin canji. Vinbilastin da vinkiristin nauyinsu ya haura 800 kowanne, bambancinsu ɗaya tak, a kan naitirojin ɗin ɓangaren vindolin ɗaya metil ne ɗaya fomil, amma vinbilastin ɓargo yake dannewa, vinkiristin kuma jijiyoyin ji yake taɓawa hannu da ƙafa su riƙa sagewa, kuma shine ginshiƙin maganin kansar jinin yara tun da aka amince da shi a 1963. Vinorelbin na su Potier kabon ɗaya aka zare a ɓangaren katarantin zobe mai tara ya koma mai takwas, ya fito a Faransa a 1989 ya samu wuri a kansar huhu da ta mama da ƙarancin taɓa jijiya in aka kwatanta da vinkiristin. Vinfulunin kuma a garin Poitiers na Faransa aka yi shi da wani mugun asid da ya fi duk asid ɗin da ka sani ƙarfi, aka dasa fulorin biyu a wurin da kemistirin yau da kullum ba ya iya kaiwa, Turai ta amince da shi a 2009 dan kansar mafitsara. Wannan kam ba abin da ɗalibi zai gwada ba ne sai a wurin da aka tanada masa. Amma a dangin nan na vinbilastin, da ake kira dangin vinka, ma akwai haramtaccen wuri, mahaɗar rabi biyun, in fuskar kabon ɗin wurin ta juye ka samu abu mai nauyi ɗaya da siffa kusan ɗaya da ba ya kama tubulin, furotin ɗin da dangin nan suke kamawa su hana sel rabuwa.

Wani abu da nake gani yana yawa a takardu kwanan nan, a ɗauki alkaloyid a manna masa zoben tirayazol da kemistirin kilik, wata hanyar ɗaura sinadarai biyu nan take, dan yana da sauƙin yi, a jera ashirin, a ce an samu sababbin sinadarai. Kemistirin ba laifi, har kyautar Nobel ya ci a 2022. Amma in ba ka iya faɗin wane aibi tirayazol ɗin ya zo gyarawa ba, a ganina tarin kwalabe kawai ka yi. Haka dokin (docking) a kwamfuta, wato manhaja ta gwada zaunar da sinadari a jikin furotin, yana da amfani wajen ba ka shawarar inda fili yake in akwai hoton kiristal na gaske, amma lambar da manhaja ta ba ka ba hujja ba ce cewa sinadarin ya kama komai. Dokar Lipinski ta 1997 ma, nauyi kar ya wuce 500 da sauransu, an yi ta ne dan magungunan haɗiya, kar ta sa ka jefar da abu mai kyau, vinkiristin ya taka ta kuma yana ceton rai.

Gwaji a sel, inda ake yawan yaudarar kai

Gwajin da kowa ke farawa da shi MTT ne ko SRB a faranti mai rami 96. Ka shuka sel su kwana su kama, ka zuba sinadarinka daga mai yawa zuwa kaɗan-kaɗan, ka bari awa 48 zuwa 72, a MTT ruwan rawaya ne kake zubawa sel masu rai su mai da shi shunayya, sai ka ga farantin gefe ɗaya ya yi duhu gefen da aka kashe ya yi fari-fari, na'ura ta karanta ka fitar da IC50, wato yawan sinadarin da ke rage sel masu rai da rabi, ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi. Kafin ka zuba MTT ɗin ka leƙa ramukan a maikuroskof tukuna. In ka ga wasu 'yan allurai ko ƙura-ƙura sun kwanta a kan sel a ramukan da suka fi yawan magani, sinadarinka ne ya fito daga ruwa, lambar da za ka samu ba ta da ma'ana. Ramukan bakin faranti kuma ruwansu na ƙafewa, cika su da ruwan gishiri kawai kar ka yi aiki da su. DMSO, solben ɗin da ake narkar da sinadarin a ciki, kar ya wuce kamar kashi 0.5 cikin 100, kuma a samu ramin da shi kaɗai aka sa. Alkaloyid masu launi irin berberin da sanguwinarin suna iya rikita karatun, ka sa ramin da ba sel ka gani, ko ka tabbatar da wani gwajin daban.

Kowane faranti a sa uwar sinadarin da ka fara da ita da kuma wani sanannen magani, in ba haka ba da me za ka kwatanta? Kuma a maimaita a ranaku daban da sel na daban, rami uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne. Sel ɗin ma a tabbatar su ne da gwajin STR mai tantance DNA ɗinsu, a duba ko bakteriyar maikoplasma ta shige su, dan HeLa, wani layin sel na kansa, ta sha mamaye layukan sel na mutane ba su sani ba.

Maganar lamba kuma, in IC50 ɗinka maikiromola 50 ne ko 100 a layin sel na kansa irin MCF-7 ko A549, kar ka rubuta "mai ƙarfi". Su vinbilastin da SN-38 a 'yan nanomola suke aiki, nanomola dubu ne kuma maikiromola ɗaya. Abu tsarkakakke da bai sauko ƙasa da maikiromola 10 ba yawanci ba a ɗaukarsa da zafi sai in yana da wani abin mamaki daban. Sannan dole ka gwada a sel marasa kansa irin su MRC-5 ka raba lambobin ka ga tazara, duk da ita ma kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, sel da ba sa saurin rabuwa a faranti suna tsira daga kusan duk maganin da ke kai wa rabuwa hari, a jiki kuma ɓargo da bangon hanji rabuwa suke ba dare ba rana. In abinka ya yi kyau da gaske akwai tsarin NCI-60 na cibiyar kansa ta Amurka da ke aiki tun 1990, layin sel wajen 60 daga nau'in kansa tara, kuma salon yadda sinadarinka ya kashe wasu ya bar wasu ana iya kwatanta shi da na sanannun magunguna a hango inda yake kamawa.

Ka kuma tabbatar bayan gyaran har yanzu wurin da kake zato yake kamawa. In tubulin ne, gwajin haɗuwar tubulin da kuma ganin sel sun taru a matakin G2/M, wato dab da rabuwa. In topoyisomeres ne, gwajin warware filasmid a jel. Yana faruwa ka liƙa dogon reshe mai maiƙo a kan naitirojin mai caji, IC50 ya sauko ka yi ta murna, ashe abin fasa bangon sel kawai yake kamar sabulu, kowane sel ya samu.

Sai famfunan da sel ɗin kansa ke amfani da su suna tofar da magani waje. Famfon P-gp yana fitar da dangin vinka da taksol, famfon BCRP yana fitar da topotekan da SN-38. Gwada abinka a layi biyu, mai famfon da mara shi, in lambobin sun yi kusa toh ka samu abin faɗa ko da ƙarfinsa bai kai na uwar ba. Kabazitaksel ai haka ya samu shiga, haidiroksil biyu na dosetaksel aka rufe da metil P-gp ya rage gane shi, aka amince da shi a 2010 dan kansar furostet da ta ƙi jin dosetaksel.

Kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya ka auna narkewa a pH 7.4, ka bar sinadarin a ruwan jini ka ga awa nawa yake kaiwa, ka haɗa shi da maikurosom na hanta ka ga ko enzayim ɗin CYP3A4 na cinye shi, ka duba hERG, wata ƙofar potasiyam a sel ɗin zuciya, dan amin masu maiƙo sun shahara wajen taɓa bugun zuciya. Kuma ruwan jinin mutum za ka gwada ba na ɓera kaɗai ba, albumin ɗin mutum yana riƙe buɗaɗɗen kamtotesin da ƙarfi yana ja ma'aunin zuwa can, abin da na ɓera ba ya yi haka, ga kuma ɓera yana da estares da yawa a jini da ke sa magani irin irinotekan ya yi kyau fiye da yadda zai yi a mutum. Berberin da ake ta rubutu a kansa, abin da ke kaiwa jini in an haɗiye shi bai kai kashi 1 cikin 100 ba a gwajin ɓeraye, toh duk gyaran da bai taɓa wannan ba ina zai je? Gwajin dabba kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a, a fara da gano iyakar abin da dabbar ke iya ɗauka, ana auna nauyinta tare da girman ƙarin.

In gubar ta ƙi rabuwa da aikin

Wani lokaci duk inda ka taɓa, ƙarfi da guba tare suke hawa tare suke sauka. Kolcisin na Colchicum autumnale haka ya yi ta yi wa mutane, yana kama tubulin da kyau amma tazarar da ke tsakanin magani da kisa ƙarama ce ƙwarai, wani ɗansa ZD6126 ya kai gwajin mutane aka tsayar saboda zuciya. Saikulopamin kuma, wanda aka gano bayan tumaki a jihar Idaho ta Amurka sun yi ta haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a shekarun 1950 saboda cin Veratrum californicum, an gyara masa rashin jure asid da rashin narkewa aka samu saridegib, amma a 2012 aka tsayar da gwajinsa a kansar fankiriyas dan waɗanda suka sha shi ba su kai waɗanda ba su sha ba daɗewa a raye. Kemistirin ya yi daidai, ilimin cutar ne bai cika ba. Cikin magungunan kansa da ke shiga gwajin mutane, waɗanda ke kaiwa kasuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Amma kar ka zubar da mai mugun ƙarfi dan ya cika guba, yanzu akwai hanyar ba shi ɗan aike. Ana ɗaure shi a jikin antibodi da wata igiyar sinadari da ba ta tsinkewa sai a cikin sel ɗin kansa. Eksatekan na kamfanin Daiichi ya faɗi a gwajin mataki na uku a kansar fankiriyas, aka ɗan gyara shi aka ɗaura wajen guda takwas a kan kowane antibodi na tirastuzumab, ya zama Enhertu da aka amince da shi a ƙarshen 2019 dan kansar mama mai furotin ɗin HER2. SN-38 da ba ya narkewa balle a yi allurarsa kai tsaye, shine kayan da Trodelvy ke ɗauke da shi tun 2020. Saboda haka tun kana zana taswirarka ka lura da gurbin da za a iya rataya igiya ba tare da aikin ya mutu ba, amin ko haidiroksil da ke kallon waje, ka rubuta shi ko da ba kai za ka yi amfani da shi ba.

Ta ɓangaren samun kayan farawa ma abubuwa na sauyawa, a 2022 ƙungiyar Jay Keasling ta wallafa yis da aka yi wa gyaran ƙwayoyin gado 56 yana haɗa vindolin da katarantin da kansa, duk da abin da yake fitarwa kaɗan ne tukuna.

Waɗanda ba su yi aiki ba cikin sinadaranka ka sa su a tebur ɗin sakamako da lambobinsu, su ne ke nuna inda ba a taɓawa, kuma ka ajiye ragowar a busashe a firiza cikin kwalba mai duhu dan da yawansu haske da iska na lalata su, kolcisin da dangin vinka musamman. In kana ganin ka samu abin da zai iya zuwa wani wuri, yi magana da ofishin haƙƙin mallaka na makarantarku kafin ka tsaya gaban taro ka nuna siffarsa, in ka riga ka bayyana a ƙasashe da yawa damar rajistar ta tafi. Kuma duk wannan aikin a cikin hud ake yinsa, wato akwatin da ke zuƙe iskar sinadari waje, safar hannu biyu, garin a auna shi a rufe kar ya tashi ka shaƙa, sharar a ware ta a matsayin mai kashe sel a ƙona ta yadda doka ta ce, mai juna biyu kuma ta sanar da shugaban ɗakin gwajin tun da wuri dan yawancin abubuwan nan suna taɓa ɗan tayi. Abin da ka haɗa a kwalba kuma ba ya zuwa bakin kowa, kai ko wani mara lafiya da ya roƙe ka, komai kyan lambar da ya bayar a faranti.